Kafin jirgi ya iso Kazaure: ina masu zane za su baje aikinsu?

A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, aikin kusan dala biliyan 2 da aka damƙa wa kamfanin Mota-Engil, wanda zai ratsa Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina kafin ya tsallaka iyaka ta Jibiya. Tun daga lokacin, hirar da ta mamaye majalisun yankin ita ce ta diyya da farashin filaye da jigilar hatsi da dabbobi. Ba kasafai ake tambayar abin da baƙon da ya sauka a tashar Kazaure zai gani na aikin hannun mutanen wurin ba, ko inda zai gan shi, ko wanda zai karɓi kuɗin idan ya saya.

Masu aikin suna nan. Akwai masu ɗinkin hula da masu aikin wuyan babbar riga, da dukawa, da mata masu saƙar faifai, da masu sassaƙa ƙwarya, da alarammomi masu zayyanar allon sauka, da samarin da ke rubuta allunan shaguna suna ƙawata bayan manyan motoci. Waɗannan na ƙarshe sun fi kowa jin jiki, domin injin buga bana ya ƙwace musu kasuwa. Ɗan takarar da a da zai ɗauki mai fenti ya rubuta masa katanga, yanzu hotonsa yake turawa Kano ta waya, a dawo masa da ɗaruruwan fastoci washegari. Inda mai zane ke nuna aikinsa a yau bai wuce bakin titi da ranar kasuwa da shafinsa na Facebook ba.

Wanda ya ji an ambaci zauren baje zane-zane yakan hango Legas: katafaren gidan Nike, ko bikin ART X da aka fara a 2016, ko kuma hoton Tutu na Ben Enwonwu da aka yi gwanjonsa a Landan a 2018 kan sama da fam miliyan ɗaya. Wannan hangen ne ke kashe maganar tun kafin a fara ta, don babu mai tsammanin irin wannan ciniki a Roni ko Gwiwa. Misalin da ya fi kusa da Kazaure yana Osogbo. A 1962 ɗan wasan kwaikwayo Duro Ladipo, tare da Ulli Beier, ya buɗe Mbari Mbayo a gidansu, aka mayar da wurin dandalin wasa da nunin zane. Samarin da suka halarci horon da Georgina Beier ta bayar a can a 1964 yawancinsu ba su yi zurfi a boko ba, wasunsu 'yan wasan ƙungiyar Ladipo ne. Daga cikinsu aka sami Twins Seven-Seven da Jimoh Buraimoh da Muraina Oyelami, waɗanda aikinsu ya zagaya Turai da Amurka. Gaskiya ne suna da Turawan da suka san hanyar masu saye, kuma wannan ba ƙaramar gata ba ce. Amma abin da ya fara haɗa su shi ne ƙofa a buɗe a tsakiyar gari, wadda ake komawa a kai a kai.

Arewa ta bi wata hanyar. A Zariya aka kafa ƙungiyar ɗalibai masu zane a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, kuma har gobe sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello yana cikin mafi daraja a ƙasar. Sai dai Zariya ta horar ne, wasu garuruwan suka ci moriya, domin can masu saye da wuraren nuni suke. A 1976 David Heathcote, wanda ya koyar a jami'ar, ya shirya gagarumin nunin fasahar Hausawa, amma a Landan aka yi shi. A Kano kuwa, Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa suna adana kayan tarihi, aikin da ya cancanci yabo, sai dai gidan tarihi fuskarsa na kallon jiya ne. Riga ko sirdin da ke cikin gilashi sau da yawa ana rubuta garin da ya fito da zamaninsa, ba a rubuta hannun da ya yi shi.

A nan ne asarar take. Ana tuna Babban Gwani Muhammadu Durugu saboda masallacin Juma'a na Zariya, amma dubban magina da maɗinka sun shuɗe ba a san ko sunansu ba. Ladi Kwali gwana ce tun kafin ta shiga cibiyar tukwane ta Michael Cardew a garin da yanzu ake kira Suleja. Nune-nunen da aka yi a Landan ɗauke da sunanta su suka fitar da ita daga sahun "matan ƙauye masu ginin tukwane", har hotonta ya hau takardar naira 20. Hular da aka shafe makonni ana ɗinkawa a wani ƙauyen Gwiwa, da zarar ta shiga hannun dillali ta isa Kurmi, ta zama hular Kano. Mai saye ba shi da hanyar komawa wurin wanda ya yi ta, mai yi kuma bai san nawa aka sayar ba, don haka kullum farashin dillali ne farashinsa.

Shi ya sa nunin wata-wata a ɗan ƙaramin ɗaki ya fi bikin al'adu na shekara-shekara amfani ga mai sana'a, duk da cewa bikin ya fi ɗaukar ido. Biki na gwamnati ne: a kafa rumfuna, babban baƙo ya zagaya, a ɗauki hoto, a watse. Nunin da aka san ranarsa, a ce Asabar ta farkon kowane wata, lokacin da albashin malaman Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da sauran ma'aikata bai ƙare ba, yana tilasta wa mai zane ya gama sabon aiki, ya sa masa suna da farashi, ya tsaya ya ji abin da mutane za su ce. Wanda bai saya ba a wannan watan ya san inda zai dawo.

Akwai suka guda biyu da ba za a share ba. Ta farko ita ce talauci. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya sanya Jigawa cikin jihohin da ke kan gaba a talauci mai fuskoki da yawa, kuma mai neman abin sawa a tukunya ba ya sayen hoton bango. Haka ne. Amma mutanen nan ba su taɓa daina sayen kayan ƙawa ba: ana yi wa amarya jere, ana sayen hular Sallah, ana biyan mai zayyana idan yaro ya sauke. Kuɗin yana fita, tambayar ita ce aljihun da yake faɗawa. Ta biyu ita ce ta addini, game da zana mai rai, inda malamai suke da maganganu sanannu. Wannan bai rufe ƙofa ba, don mafi yawan fasahar ƙasar Hausa dagi ce da aska takwas da rubutu da adon bango. Zauren da ya kwaikwayi Legas ido rufe shi zai jawo wa kansa rigimar da ba ta zama dole ba.

Sai maganar wanda zai ɗauki nauyi. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ko da yake aiwatarwar tana tafiyar hawainiya. Tun kafin hukuncin ma, jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora musu kula da kasuwanni da shaguna da allunan talla. Wato ƙaramar hukumar da ke da ikon karɓar haraji a kan allon da mai zane ya rubuta, tana da ikon ware masa shago ɗaya a kasuwa. Ba a buƙatar jiran ma'aikatar fasaha da tattalin arzikin ƙirƙira da aka kafa a Abuja a 2023, balle kwangilar sabon gini. Hasali ma kwangilar ce abin tsoro, don ita ke haifar da ginin da ake yanke ƙyallensa a sa masa kwaɗo.

Haɗarin da ya fi wannan shi ne zauren ya zama na masu mulki. Zaɓen 2027 na ƙaratowa, kuma ɗakin da shugaban ƙaramar hukuma ke riƙe da mabuɗinsa zai cika da hotunan gwamna da 'yan takara, a bar wanda ba ya jam'iyya a waje. Fada za ta iya ba wa abin kwarjini, amma iyakarta a fili take: Kazaure da Roni da Gwiwa suna masarautar Kazaure, Babura kuwa tana ƙarƙashin Ringim, ga ta a bakin iyakar Nijar inda masu saye daga tsallake suke. Ƙungiyar masu sana'ar da kansu ce kaɗai za ta iya haɗa garuruwan huɗu, ta tsara wata ɗaya na dukawa, wani na masu zayyana, wani na masu fenti, ta kuma rubuta kason da zaure zai cira a kan kowane ciniki yadda kowa zai gani.

Mafi wuya shi ne batun mata. Yawancin faifai da hulunan daga cikin gida suke fitowa, ta hannun yara ko dillaliya, kuma ba kowace mace ce za ta so a rubuta sunanta a bango ba, ba kuma kowane miji zai yarda ba. Wata za ta zaɓi alama maimakon suna, wata sunan unguwa. Ko ma wanne ne, sai an buɗe littafin da ke nuna wadda ta yi aikin da abin da aka biya, a kuma sami macen da za ta riƙa kai kuɗin har cikin gida. Idan ba a yi haka ba, zauren zai zama ƙarin dillali ɗaya tsakanin mai saƙa da mai saye.