Laifin ba na enzayim ba ne

A darasin bayoloji an koya mana cewa enzayim furotin ne da ke hanzarta sauyin sinadarai ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Mun haddace, mun rubuta a jarrabawa. Sai ga shi yanzu ana ta yawo da magana cewa sukarin da aka yi da enzayim guba ne. Mu dai ba mu yarda ba.

Ga yadda abin yake. Ana niƙa masara a fitar da sitaci, a sa enzayim ya farfasa shi ya zama gulukos. Gulukos bai kai sukarin rake zaƙi ba, don haka sai a kawo wani enzayim mai suna gulukos aisomares, ya juya wani kaso zuwa furuktos. Abin mamakin shi ne su biyun kayan gininsu ɗaya ne: kabon 6, haidirojin 12, oksijin 6. Jerin ne kawai ya bambanta, amma harshe yana ganewa, don furuktos ya fi zaƙi sosai. Richard Marshall da Earl Kooi ne suka nuna wannan a 1957, Yoshiyuki Takasaki na Japan ya kyautata hanyar, kuma a 1984 Coca-Cola da Pepsi suka koma ga wannan ruwan zaƙin a Amurka, saboda masara ta fi sukari araha a can.

Wanda ake zubawa a lemo yana da furuktos kashi 55 cikin 100. Sukarin rake kuwa, da zarar ya isa hanji, enzayim ɗin jikinmu yana raba shi biyu: rabi gulukos, rabi furuktos. To ina gubar tsakanin 50 da 55? Kudan zuma ma da enzayim yake sarrafa ruwan fure, kuma iyayenmu mata da ke zuba ɗanyen dankali a kunun zaƙi enzayim suke sa wa aiki, ko da ba su kira shi da wannan suna ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne yawan abin da muke sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci, wato wajen giram 50 a rana ga babba. Robar lemo mai rabin lita ɗaya na iya cinye wannan kason. Akwai ɗaliban da ke shan biyu kafin a tashi.

Muna roƙon hukumar makaranta ta sa masu shago su riƙa ajiye ruwan sanyi da kunu marar sukari da yawa. Malaman kimiyya kuma, don Allah a kai mu ɗakin gwaji: sitaci da aidin da ɗan yawu sun isa mu ga enzayim yana aiki da idonmu.