Lissafi a Bayan Rasit

A bakin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Ataba muka yi zai same ni, wajen ƙofar da ke fitowa kusa da rumfunan tsofaffin littattafai na Azbakiyya. Ɗan ƙanwar wani abokina ne. Ya gama karatun Shari'a da doka a Azhar, yanzu tafinta yake yi wa 'yan kasuwarmu masu zuwa Alƙahira sarin abaya da takalma a Muski, ana ba shi la'ada. Muka ratsa masu tallan caja da safa da suka baje kaya har kan titi, muka sami wani lungu muka zauna shan shayi. Kafin shayin ya huce ya miƙo mini wayarsa.

"Kawu, ka ga irin abin da nake so ke nan. Shekara ɗaya a majalisa, ana koya maka aiki, ana ba ka alawus duk wata. Da majalisar jiharmu za ta buɗe irinsa, wallahi gobe zan haɗa kayana."

Abin da ya burge shi ba tatsuniya ba ce. A jihar Kalifoniya ta Amurka tun 1957 majalisar wakilan jihar take ɗaukar waɗanda suka gama jami'a su yi kusan shekara suna aiki a ofisoshin 'yan majalisa da kwamitoci, da albashi da inshorar lafiya, daga baya majalisar dattawan jihar ta bi sahu. A gida ma akwai danginsa. Ƙungiyar PLAC tana kai matasa Majalisar Tarayya a Abuja su yi 'yan makonni a kwamitoci. Gwamnatin Kaduna ta kafa shirin Kashim Ibrahim a 2018, ko da yake nata a ɓangaren zartarwa ne. A 2021 kuma Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin Jubilee tare da UNDP, da burin tura matasa 20,000 wuraren aiki duk shekara a kan naira 100,000 a wata. Na ce masa to, mu yi lissafi. Na juya rasit ɗin wasu littattafai da na saya, na ari biro a wurin mai shayi.

Majalisar dokokin Kano kujeru 40 gare ta. A ce kowane ɗan majalisa an ba shi matashi ɗaya, kan waccan naira 100,000, wata goma sha biyu: naira miliyan 48. Ya yi dariya, ya ce ai wannan bai kai kuɗin motar honorabul guda ba. Gaskiyarsa. Shi ya sa kuɗin alawus bai taɓa damuna ba, shi ne mafi sauƙi a cikin lissafin, shi ne kuma kaɗai ake bugawa a jarida ranar ƙaddamarwa. Sauran kuɗin ba daga baitulmali suke fita ba, daga aljihun yaron da iyayensa suke fita.

Alawus adadi ne da ake yankewa rana ɗaya, kasuwa kuwa ba ta tsayawa. Lokacin da aka fara Jubilee dala tana wajen naira 410 a farashin gwamnati, wato alawus ɗin ya haura dala 240. A 2024 dala ta wuce naira 1,500, kuɗin nan ya koma ƙasa da dala 70. A tsakani an cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya ninka ya sake ninkawa. 'Yan bautar ƙasa sun shafe shekaru a kan naira 33,000 kafin a kai su 77,000. Masar da muke zaune a cikinta ta fi kowa sanin wannan ciwon. Dokarta ta hidimar jama'a, wadda aka yi a 1973, shekarar da aka kafa NYSC, ta yanka wa mai digiri fam huɗu a wata, adadin da ya zama abin barkwanci tun tuni. A Maris ɗin 2024 kuwa, cikin yini ɗaya dala ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50. Ya fi ni sanin wannan, don a ranar ya ga idon masu shaguna.

Sai haya. Majalisa a babban birnin jiha take. Yaron da gidansu yake Tarauni ko Nassarawa zai tashi a ɗakinsa, ya ci tuwon gida, ya hau adaidaita sahu, alawus ɗinsa riba ne. Na Doguwa ko Tudun Wada sai ya nemi ɗaki, mai gida kuma kuɗin shekara yake so a dunƙule kafin a ga alawus na farko, wanda ba kasafai yake zuwa kan lokaci ba. Ba a rubuta a talla cewa ɗan talakan karkara kada ya nema ba, lissafin ne yake tace shi a hankali. Haka ma sharuɗɗan: cike fom a intanet, rubuta maƙala da Turanci, takardar gama bautar ƙasa, iyakar shekaru. Wanda ke gabana ya ci shekaru a ma'ahad kafin ya shiga kulliya, yana dab da talatin, sai an tantance takardarsa a Ma'aikatar Ilimi a Abuja, sai ya yi bautar ƙasa. Ya san Usulul Fiƙhu da dokar farar hula ta Masar, ilimin da majalisar jihar da ke aiki da Shari'a take buƙata ƙwarai, amma fom ɗin ba domin irinsa aka tsara shi ba.

Duk wannan da sauƙi a wurina. Babbar tambayar ita ce, in ya shiga, wane aiki zai tarar?

Matashin Kalifoniya gida ne ginanne yake shiga. Majalisar tana da ofishin lauyoyi masu tsara ƙudiri tun 1913, tana da ofishin masu nazarin kasafin kuɗi tun 1941, wanda ba ya ƙarƙashin gwamna kuma yakan fito fili ya ce lissafin gwamna bai yi ba. Tun 1966 aikin majalisar ya zama na cikakken lokaci. Almajiri yana tarar da malamai, shi ya sa almajircin yake da ma'ana. Mu kuwa majalisun jihohinmu sun daɗe suna neman kuɗin takarda da man janareta a hannun wanda aka ce su sa wa ido. A gyaran tsarin mulki na 2010 an miƙa musu 'yancin riƙe kuɗinsu, da hannunsu suka kayar da shi. Aka sa shi a tsarin mulki a 2018, gwamnoni suka yi kunnen uwar shegu. Buhari ya fitar da Umarni na 10 a 2020 don tilasta musu, Kotun Ƙoli ta soke umarnin a Fabrairun 2022. Ma'aikatan majalisa na ƙungiyar PASAN sun garƙame ƙofofi a 2021, suka sake garƙamewa a 2023, duk a kan magana ɗaya. Waɗannan su ne akawuna da sakatarorin kwamiti da za su koya wa yaron aiki, mutanen da su kansu suke yajin aiki don neman haƙƙinsu.

Na tuna masa da dokar masarautun Kano, ba don in ce wa ya yi daidai ba. A Mayun 2019 majalisa ta karɓi buƙatar ƙirƙiro masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, cikin 'yan kwanaki aka gama karatu uku, Gwamna Ganduje ya sa hannu ranar 8 ga wata. Ranar 23 ga Mayun 2024 majalisa ta yi dokar rushe masarautun, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a ranar. Jam'iyyu daban, gudu iri ɗaya. A ina takardar nazari mai shafi goma ta wani matashi za ta shiga cikin wannan gudun? Wa zai karanta ta, da yaushe? Majalisar da ake kawo wa magana a dafe ba ta neman mai bincike. Abin da honorabul yake buƙata a zahiri shi ne mai riƙe masa waya, mai rubuta jawabin ta'aziyya, mai tsare masu jiran sallama a bakin ƙofa, da wanda zai kare shi a Facebook in 'yan adawa sun taso. Ba raina waɗannan ayyuka nake ba, akwai masu yinsu da sunan mataimaka na musamman. Amma in wannan ne, a kira shi da sunansa.

Nan ne wata asarar take, wadda ba ta shiga rasit. Wanda ya yi shekara a ofishin ɗan majalisa ya zama "yaron wane", ko ya so ko ya ƙi. In uban gidan ya faɗi zaɓe ko ya ɓata da gwamna, tambarin yana nan a goshinsa. Kuma faɗuwar ba baƙon abu ba ce, a zaɓen 2023 mafi yawan waɗanda suka shiga Majalisar Tarayya sababbi ne. Ana tallata shirin da cewa za ka san manya, ba a faɗa maka cewa manyan na haya ba ne.

Ya ce, "Amma Kawu, ai wasu sun amfana." Sun amfana, ban musa ba. Na san cewa wanda ya zauna a zauren jin ra'ayin jama'a ya ga yadda kwamishina yake kare kasafinsa, ya ga yadda ake sauya kalma ɗaya a sashe ta juya ma'anar doka, ya koyi abin da ba a koyarwa a aji. Wasu daga nan suke samun aiki a ƙungiyoyi masu zaman kansu, ko gurbin ƙaro karatu a waje. Sai dai ka lura inda ribar take zuwa: takardar neman aikin yaron ta yi nauyi, mai ba da tallafi ya sami hoton da zai sa a rahotonsa, majalisar kuwa tana nan yadda aka same ta, don wanda ya fara gane kan aiki a wata na goma yana fita a na goma sha biyu. Da za a ba ni waccan miliyan 48, mutum goma ko ƙasa da haka zan ɗauka aiki na dindindin ta hanyar jarrabawa, masu lissafin kasafi da lauyoyin tsara doka, a ƙarƙashin hukumar ma'aikatan majalisa, waɗanda za su ga majalisa uku ko huɗu sun zo sun wuce. Ba a yi wa irin wannan bikin yaye ɗalibai, shi ya sa ba shi da farin jini.

Na nuna masa dandalin da ke gabanmu. Masar ba ta da majalisun jihohi, shugaban ƙasa ne yake naɗa gwamnoni. Majalisun ƙananan hukumominta kotu ta rushe su a Yunin 2011. Tsarin mulkin 2014 ya ware wa matasa 'yan ƙasa da shekara 35 kashi ɗaya cikin huɗu na kujerunsu, aka shafe fiye da shekara goma ba a yi zaɓen ba. Shirin horar da matasa shugabanci kuwa, fadar shugaban ƙasa ta buɗe shi tun 2015, ana ta yaye su. Kafin nan, a zamanin Gamal Abdul Nasir, gwamnati ta yi wa duk mai digiri alƙawarin aiki, layin jira ya yi ta tsawo har ya kai shekaru, daga ƙarshe aka bar alƙawarin ya mutu. Ka tambayi masu rumfunan nan da masu sayar da caja, za ka sha mamakin yawan masu digiri a cikinsu.

Ya karɓi rasit ɗin ya daɗe yana dubawa. Ya tambaye ni nawa ne yanzu hayar ɗaki ɗaya a Hotoro, na faɗa masa abin da na ji kafin in taso. Ya ciro wayarsa ya buga lissafin la'adar da ya samu a watan jiya, ya mayar da ita naira, ya juyo da fuskar wayar ya nuna mini bai ce komai ba. Sai ga kira ya shigo, wata Hajiya ce daga Kantin Kwari ta iso Muski tana jiransa a gaban shagon mai abaya.

"Kawu, duk da haka in sun buɗe zan cike," ya ce, yana ninke rasit ɗin yana sakawa a aljihun gaba. Na biya kuɗin shayin, ya kutsa cikin cunkoson ya nufi titin Muski.