Maigida, Kai Ma Ka Shiga Ɗakin Likitan

A Zangon Agege, idan yaro ya kai shekara uku bai ce "Umma" ba, kowa sai ya zama likita. Kaka ta ce miskilanci ne, babansa ma ya makara. Maƙwabciya ta ce harsuna ne suka yi masa yawa, Hausa a ɗaki, Yarbanci a tsakar gida, buroka a titi, alhali dubban 'ya'yan unguwar da ukun suka tashi, bakinsu garau. Daga nan sai wanzami ya duba linzami, sai hayaƙi, sai a fara yi wa uwar kallon tuhuma: me ta taka da tsohon ciki?

Ban hana kowa addu'a ba. Ƙorafina a kan iyaye maza yake.

Wani lokaci shirun nan alamar galahanga ne, ita kuwa ba a ganinta a gwajin jini ko hoton kai. Likita tambaya yake yi, yana kallon yaron. Yana waiwayowa in an kira sunansa? Yana nuna abu da yatsa? Yana haɗa ido? Ƙarar janareto na sa shi toshe kunne? Amsoshin duk suna bakin uwa. Amma sau da yawa Turancin da kuɗin mota suna hannun maigida, shi kuwa yana mayankar Oko-Oba ko rumfar canji, ya haɗa ta da ƙaninsa. A asibitin LASUTH da ke Ikeja, ko sashen yara na asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba da ke Oshodi, sai ka ga mace ta karɓi labari mafi nauyi a rayuwarta ta bakin ɗan rakiya. Ta dawo gida, a ce mata, "To, wane magani suka rubuta?" Babu ƙwayar da ke warkar da ita. Horon magana ne da na mu'amala, wata da watanni, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Wanda bai ji daga bakin likita ba, da wuya ya yarda ya biya wannan.

Wasu mazan kunya ce ke hana su, kada a majalisa a ce ɗan wane ya taɓu. Alhali a ranar 2 ga Afrilu, 2025, Kanyeyachukwu Tagbo-Okeke, ɗan shekara 15 mai wannan lalura, ya baje zanensa da ya shiga kundin Guinness a dandalin Eagle Square na Abuja. Ba kowane yaro ne zai zama shi ba, wani ma ba zai taɓa magana ba. Irin wannan yaron ma Legas ta yi masa dokar masu buƙata ta musamman tun 2011, ga hukumar LASODA a Alausa, motar haya ɗaya ko biyu daga Pen Cinema.