Firaminista: Sunan ake so ko hisabin da ke tare da shi?

A Fabrairun 2024, 'yan Majalisar Wakilai 60 sun gabatar da ƙudurin mayar da Najeriya kan tsarin firaminista. To, me sunan ke nufi?

Firaminista shi ne jagoran ministoci. Ɗan majalisa ne da masu rinjaye suka mara wa baya, kuma majalisar na iya sauke shi da ƙuri'ar yanke ƙauna. A haka Abubakar Tafawa Ɓalewa ya riƙe muƙamin daga 1957 zuwa 1966. Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya taɓa aikin mulki a Gusau, Firimiya ake ce masa, domin Arewa kaɗai yake jagoranta.

A Nijar kuwa, Janar Tiani ne ya naɗa Ali Lamine Zeine firaminista a 2023, babu zaɓaɓɓiyar majalisar da za ta tuhume shi.

Manomin Ruwan Bore da tsoron 'yan bindiga ya hana zuwa gona ba sabon laƙabi yake nema ba. Yana son shugaban da wakilinsa zai iya titsiyewa, ya kuma tsige idan ya gaza. In ƙudurin bai kawo wannan ba, an canza wa tuwo suna ne kawai.