A Koya wa Yaran Daura Cikar Teku da Harshensu

Daura ba ta da gaɓar teku, amma ɗalibanta na sakandare suna haddace darasin cikar teku da janyewarsa da Turanci, su rubuta a jarrabawa, su manta. Asara ce, domin rabin darasin yana hannunsu tun daga gida.

Wata ne ke jan ruwan teku, rana na taimaka masa. A yawancin gaɓoɓi ruwa yakan cika sau 2 a rana, da tazarar awa 12 da minti 25. Cikar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da daren sha huɗu, lokutan da duk yaron da ya taɓa jiran watan azumi ko na Sallar Gani ya sani. A mashigin Fundi na Kanada, bambancin cika da janyewa yakan kai mita 16.

Darasin zai yi wa yaran amfani, domin yanzu Daura tana da Jami'ar Sufuri ta Tarayya, kuma matuƙan manyan jiragen ruwa sukan duba jadawalin cikar teku kafin su shiga tasha. Ya kamata malamai su fara bayanin da Hausa, daga lissafin wata, sannan su kawo Turancin.