Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumar Kula da Kan Iyakoki ta Ƙasa



Kotun Duniya ta ba Kamaru garin Darak da ke yankin Tafkin Chadi a 2002, aka miƙa garin a 2003, amma masunta da fataken kifinmu ba su daina zuwa ba. Ruwan Tafkin Chadi yana ja yana dawowa, iyaka ba ta ganuwa daga kwalekwale. Jandarman Kamaru takarda yake tambaya, ga 'yan Boko Haram a tsibirai. Wasu za su ce shari'a ta ƙare, gargaɗi kuma zai kashe kasuwa. Ai tsare falke ko sace shi ya fi kashe ta. Ku sanar ta rediyo, da Hausa da Barbarci, takardun da matafiyi zai riƙe da hanyoyin da sojoji suka rufe.