Motar Gado Da Takardar Bogi: Mu Daina Yaudarar Kanmu Kan Inshora



Akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu, wadda lokaci ya yi da za mu faɗa wa juna gaskiya a kanta ko da za ta yi ɗaci. Mutum zai riƙe tsohuwar motar da ya gada daga mahaifinsa, ko wadda ya saya da guminsa tun yana saurayi, ya riƙa kashe mata kuɗi kamar amarya. Zai sake mata fenti, ya ɗinka mata kujeru, ya bi kasuwar Ladipo layi-layi yana neman fitila ta asali. Amma ranar sabunta takardu sai ya miƙa wa wani yaro a bakin ofishin lasisi 'yan dubbai ya ce, "Haɗa min har da inshora." Yaro ya ɓace minti ashirin ya dawo da takarda mai tambari da hatimi, Alhaji ya ninke ta ya jefa a aljihun mota, shi a ganinsa ya gama.

Wannan takarda sau da yawa ba ta da asali. Babu kamfanin da ya san da ita, babu wanda zai biya ko sisin kwabo a kanta. Ranar da tsautsayi ya faɗa, ƙungiya ake bugo wa waya cikin dare a ce a zo ofishin 'yan sanda, a kuma fara zagayawa da faranti. Shi ya sa muke ganin muna da bakin magana.

Motocin da muke nufi kun san su. Peugeot 504, wadda iyayenmu ke kira Fijo, da aka riƙa haɗawa a Kakuri ta Kaduna tun daga 1975 har cikin shekarun 2000. Volkswagen mai doron kunkuru da aka riƙa haɗawa a Ojo kan hanyar Badagry, inda har gobe tashar wurin take amsa sunan kamfanin. Sai kuma Marsandi ta shekarun 1970 da 1980, 'yar uwar wadda aka harbe Janar Murtala Ramat Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, wadda take ajiye a gidan tarihi na Onikan. An daina ƙera waɗannan motoci. Duk wadda ta ƙone ko ta ragargaje, ta tafi ke nan, ba za ka shiga shago ka ɗauko sabuwa ba. To ina hikimar kare abin da ba shi da madadi da takardar da ba ta da tushe?

Hujjoji uku muke yawan ji daga masu wannan ɗabi'a. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko, cewa ake yi, "Ai inshora takardar nuna wa 'yan sanda ce kawai." Wannan magana tana nuna mai ita bai san abin da doka ta ce ya saya ba. Ƙaramar inshora, wadda a tasha ake ce wa tad-fati, dole ce a kan kowace mota da ke hawa titi a Najeriya, kuma dokar ta samo asali tun 1945. Aikinta shi ne ta biya wanda ka yi wa ɓarna: wanda ka bugi motarsa, ko ka rushe masa katanga, ko ka ji masa ciwo, ko aka rasa rai ta sanadinka. Daga 1 ga Janairu, 2023, hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗinta na motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga abin da za a iya biya na ɓarnar dukiya daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Ku raba 15,000 gida goma sha biyu, naira 1,250 ke nan a wata, abin da bai kai kuɗin lita biyu ta fetur ba. Saboda haka duk wanda ya ce zai yi maka ita a kan dubu uku ko dubu biyar, tun daga farashin ya gaya maka ƙarya yake yi. Araha ba ta ado.

Ko batun 'yan sandan ma, takardar bogi ta daina rufin asiri. Tun 1 ga Fabrairu, 2025, rundunar 'yan sanda ta sanar da tsananta bincike kan inshorar motoci a faɗin ƙasa, kuma akwai rumbun bayanai na kamfanonin inshora, NIID, inda lambar mota kawai za a saka a ga ko tana da inshora ta gaskiya. Kai ma kana iya dubawa da wayarka kafin ka bar wurin da ka biya kuɗin. Wanda ya sayi ta bogi ya yi asara sau biyu: kuɗinsa sun tafi, sannan yana yawo da takardar jabu a hannunsa, wadda ita kanta laifi ce.

Ku kuma tuna da irin motar da muke magana a kai. Tsohuwar mota ƙarfe ce mai nauyi, burkinta na zamaninta ne. Idan ta daki bayan wata sabuwar jif a cunkoson Ikorodu Road ko kan gadar Third Mainland, ita wataƙila ɗan lanƙwasa za ta yi, amma fitila da bamba na waccan jif suna iya cinye ribar shagonka ta wata da watanni. Kuma mu baƙi ne a idon wasu duk daɗewarmu a nan. Ƙaramar magana tsakanin direba da direba tana iya zama ta ƙabila kafin a ankara. Takarda ta gaskiya tana kashe wutar tun tana ƙarama, domin akwai wanda zai biya.

Hujja ta biyu ita ce, "Inshora haramun ce." Ba mu ne malamai ba, kuma muna girmama malaman da suka yi magana kan riba da rashin tabbas da ke cikin inshorar da aka saba. Amma muna tambaya: wanda ya guji inshora don tsoron Allah, sannan ya je ya sayi takardar ƙarya don ya yaudari hukuma, me ya guda, me ya tarar? Kuma wanda ya kaɗe ɗan mutane ya bar iyayensa da kuɗin asibiti, haƙƙin wa ke wuyansa? Balle ma wannan uzuri ya daɗe da faɗuwa. Tun 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, kuma akwai kamfanoni masu lasisi irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful da ke wannan aiki. Tsarin kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu. Mahalarta ne ke zuba gudummawa a asusu ɗaya, wanda musiba ta samu a biya shi daga ciki, kamfani ya ɗauki ladan kula da asusun, idan an sami rara a ƙarshen shekara a raba wa waɗanda suka cancanta. Ba talla muke wa kowa ba. Abin da muke cewa shi ne ƙofar halal a buɗe take, wanda ya ƙi shiga kada ya jingina ƙin nasa ga addini.

Hujja ta uku ita ce ta fi ƙarfi, kuma ba za mu yi mata riƙon sakainar kashi ba: "Kamfanonin ba sa biya." Gaskiya ne akwai jan ƙafa, akwai a kawo wannan takarda a kawo waccan har mutum ya gaji. Amma idan aka bi diddigin yawancin ƙorafin, sai a tarar mutum ya sa hannu a kan abin da bai karanta ba. A nan ne mai tsohuwar mota ya fi kowa shiga haɗari, musamman wanda ya ce zai yi cikakkiyar inshora, wadda ke biyan ɓarnar motarka kai kanka, da gobara, da sata.

Matsalar ita ce ƙima. A ƙa'idar inshorar mota ta yau da kullum, idan mota ta salwanta ana biyan kuɗin da take yi a kasuwa a ranar da abin ya faru, kuma kamfani yana kallon mota a matsayin abin da darajarsa ke raguwa kowace shekara. A wannan lissafi, Fijo ta 1982 ta kusa zama ƙarfen da ake saya a kilo. Kai kuwa ka san ka kashe miliyoyi wajen tayar da ita, ka kuma san akwai masu sha'awa da za su saya da tsada. Idan ba a rubuta wannan daraja a takarda tun farko ba, ranar biya za a miƙo maka abin da zai sa ka hawaye, kuma kamfani bai karya alƙawari ba, domin abin da ka sa wa hannu ke nan. Maganin shi ne ka nemi a yi yarjejeniya kan ƙima tun kafin ka biya. A kawo mai tantance mota ya duba ta, a ɗauki hotunanta ciki da waje, a haɗa da rasitan gyara da na kayan da ka saya, a rubuta adadin da aka amince a jikin takardar. Kamfanoni da yawa suna ɗari-ɗari da motar da ta tsufa, wasu ma ba sa yi mata cikakkiyar inshora sam. Wanda ya ƙi, ka yi gaba. Wanda ya yarda da baki amma ya ƙi rubutawa, shi ma ka yi gaba.

Kada kuma a ce za a yi wayo a rage ƙimar don kuɗin shekara ya ragu. Hukuma ta ce kuɗin cikakkiyar inshora kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota. Motar miliyan 6 ke nan za ta ci naira 300,000 a shekara. Wanda ya rubuta miliyan 2 don ya biya 100,000, ranar da ta ƙone kada ya sa ran ganin abin da ya wuce miliyan 2 ɗin. Idan aljihunka ba zai ɗauki cikakkiya ba, babu abin kunya. Akwai ta tsakiya, wadda ke haɗa haƙƙin wanda ka yi wa ɓarna da gobara da sata, kuma ta dace da motar da ke kwana a gareji tana fita ranar Juma'a ko ranar Sallah. Tsofaffin wayoyin lantarki da tiyon mai da ya bushe su ne manyan abokan gabar irin wannan mota, kuma wuta suke haifarwa.

Sai abubuwa biyu da mu musamman bai kamata mu yi sakaci da su ba. Na farko ambaliya. Duk wanda ya yi damina ɗaya a Legas ya san yadda ruwa ke shanye titi har ya kai gilashin mota. Na biyu tarzoma. Ba mu manta da abin da ya faru a Mile 12 a watan Maris na 2016 ba, ko kasuwar Shasha ta Ibadan a Fabrairun 2021, ko ƙone-ƙonen Oktoban 2020 da ya cinye har motocin bas na gwamnati a Oyingbo. A takardun inshorar mota da yawa, ambaliya da tarzoma suna cikin abubuwan da aka cire, sai an nemi a ƙara su an biya ɗan ƙari. Mutumin da ke ajiye motarsa a unguwar da aka san ta 'yan Arewa ce, ya yi cikakkiyar inshora bai tambayi wannan ba, ya rufe ƙofa ne ya bar taga a buɗe.

Akwai kuma tarkon haya. Yanzu ana yayin ɗaukar amarya da yin hotuna da tsofaffin motoci, har da masu shirya fim suna zuwa nema. Idan takardarka ta ce motar ta amfanin gida ce, ka bayar da ita haya aka yi haɗari, kamfani yana da hujjar ƙin biya. Ka faɗa musu gaskiyar yadda kake amfani da ita, da waɗanda ke tuƙa ta, da duk wani canji da aka yi mata, musamman idan an sauya inji. Ka tambayi adadin da za a bar maka ka biya da kanka a kowane haɗari. Ka tambayi ko za su yarda bakanikenka da ya san motar ya yi gyaran, domin garejin da ya saba da motocin kwamfuta bai san kan kafireto ba. Kuɗi kuma a biya su a asusun kamfani ko na dillali mai rajista, a karɓi rasit, domin a doka idan kuɗin inshora ba su shiga ba, babu inshora. Idan abu ya faru, a sanar da kamfani nan take, a ɗauki hoto, a sami rahoton 'yan sanda, kada a taɓa gyara kafin su zo su gani. Idan bayan duk wannan suka ƙi biya, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi, kuma ofishin sakatare a shirye yake ya taimaka wajen rubuta takarda.

Yanzu ga inda muke so a fahimce mu. Asusun taimakon ƙungiya kuɗin talakawanmu ne: mai shayi, mai gadi, mai yankan farce, ɗan dako da ke biyan kuɗin wata da ƙyar. An tara su ne don marar lafiya, da gawar da za a kai gida, da matar da mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Ba adalci ba ne a ɗebi kuɗin mai tura baro a biya diyyar ɓarnar mai Marsandi da ya ƙi fitar da 15,000 a shekara. Za mu kawo shawara gaban taro mai zuwa cewa duk wanda ya nemi agajin asusu kan haɗarin mota, ya fara nuna inshorar da za a iya tabbatarwa. Mun san wasu manyanmu ba za su ji daɗi ba, muna ba su haƙuri. Rakiya zuwa ofishin 'yan sanda da tsayawa wa ɗan uwa suna nan, ba za mu fasa ba. Kuɗin marayu ne kawai muke cewa a bar wa marayu.

Kafin ranar taro, kowa ya ciro takardar da ke aljihun motarsa ya duba lambarta a NIID. Wanda bai iya ba ya kawo ofis bayan sallar La'asar, matasanmu za su duba masa kyauta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya tsare mu da tsautsayi da asara, Ya kiyaye hanyoyinmu, Ya bar zumunci. Amin.

Sakataren ƙungiya, a madadin shugabanni.